Haƙorin Makka a Mursal

Surukata Iya Bilki ba ta yarda a kira ta Hajje. A Njamena kuwa duk macen da ta yi furfura Hajje ce, ko da iyakar tafiyarta a duniya tsallaken gada ne zuwa Kuseri. Mai nama ya ce mata Hajje, kwandasta ya ce mata Hajje, ita kuma sai ta ja ta tsaya a tsakiyar hanya ta gyara musu zance: "Ban je ba tukuna. Muna kan hanya."

Hanyar nan kakanta Malam Dawuda ne ya ɗauko ta da ƙafa daga Haɗeja, shi da matarsa da jaki ɗaya, da niyyar aikin Hajji, tun ana kiran garin nan Fallomi. Ya ce bari ya huta damina ɗaya ya yi noma ya sami guzuri. Sai matar ta haihu, sai jakin ya mutu, sai gero ya yi kyau. Hutun nan shi zuri'arsa ke yi har yau. Ni Safiyatu da aka kawo daga Azare shekara tara da suka wuce, na shigo na tarar da gida guda na matafiyan da ko ƙunshin kaya ba su taɓa ɗaurewa ba, amma kar ki kuskura ki yi dariya a gaban Iya.

Na fara da wannan ne don ku gane abin da ya kusa hana a gyara wa 'yata haƙori.

Fiddausi autata shekararta biyar. Haƙorinta na tauna, na ƙasa can ƙurya a hagu, ya fara da ɗan baƙin ɗigo, kafin mu farga ya zama rami har ƙwayar shinkafa na shiga ta ɓuya. Kuma tun kafin wani ya faɗa bari in faɗa da bakina: tuwon madara da alawar gyaɗa nake sayarwa a ƙofar wata makarantar firamare a nan unguwarmu Lamaji, Fiddausi kuma ita ta naɗa kanta mai ɗanɗano tun tana rarrafe. To, na faɗa, sai a ƙyale ni haka.

Ba abin da ba mu yi ba. Mun cusa kanumfari a ramin, mun sa ta kuskure baki da ruwan gishiri, Iya ta yi mata hayaƙi wai tsutsar ta faɗo, tsutsa ta ce ita nan ne garinsu. Rannan na goya ta a babur muka je wani asibitin haƙori mai sanyi a cikin gari. Matar da ke zaune a bakin ƙofa ta faɗa min abin da za a biya don likita ya leƙa bakin kawai. Na ce mata ta yi haƙuri, ɓatan hanya muka yi, na ja 'yata muka fito.

Wata uku yarinyar nan ba ta tauna komai ba. Kunu da safe, kunu da rana, burodi sai an jiƙa shi a shayi ya zama laka. In ruwa ya cika sanyi ta dafe kunci, in abu ya cika zaƙi ta dafe kunci. Awarwaron da ke matse mata hannu ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru, ta koma zama a gefen tabarma tana kallon yayyenta suna cin tuwo. Abin yana ci na ƙwarai, amma kullum Iya cewa take, "Haƙorin ƙuruciya ne, da kansa zai faɗi."

Ranar wata Laraba shugaban makarantarmu ya fito ya tara mu masu talla a bakin ƙofa. Ya ce ranar Asabar likitocin haƙori za su zauna a wata makaranta a unguwar Mursal, su da ɗalibansu, za su duba yara 'yan ƙasa da shekara bakwai kyauta. Rana ɗaya ce tak, kuma yara arba'in na farko. Ban san lokacin da na raba wa yaran da ke gabana ragowar alawar kyauta ba, wanda in an duba dalilin murnar tawa, abin kunya ne.

Mai gidana yana hanyar Abeshe da babbar mota, wayarsa kuma ba ta shiga. Larabcina na kasuwa ne, na "nawa ne" da "rage min", Faransanci kuwa ko a mafarki. Dole sai da Iya, don ita a nan aka haife ta, Larabcin garin nan a bakinta ya fi Hausa gudu. Na durƙusa na roƙe ta. Ta ja aji kamar ba za ta ba, amma ranar Asabar ina idar da sallar Asuba na same ta a zaure ta naɗe cikin lafayarta ta zuwa biki, tana tambayata me nake jira.

Mota biyu muka hau kafin Mursal. Duk da sammakonmu mun tarar da layi ya fito har titi, muka sami lamba talatin da ɗaya. A teburin rajista suka nemi katin shaida, nawa na Najeriya ne kuma na baro shi a gida, sai Iya ta zaro nata daga lalita. Aka rubuta sunanta a matsayin mai yarinya. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Farfajiyar makarantar nan ta zama gidan biki, sai dai kukan ya fi guɗa yawa. Wani yaro ya haye bishiya ya ce sai dai a cire masa a can. Wani tsoho da ya kawo jikansa ya nace shi ma a duba shi, wai ai shi da jikan yawan haƙoransu ɗaya ne. Ɗalibai biyu suka fito da wasu ƙattin haƙoran roba da buroshi mai tsawon muciya suna nuna yadda ake goge baki. Iya ta ƙura musu ido ta ce, "Allah ya jiƙan mai wannan baki, ya ci abinci a duniya." Na yi dariya har da riƙe ciki. Ita ma Fiddausi ta murmusa da gefen baki ɗaya.

Hantsi ya dubi ludayi aka kira lambarmu. Aji ne aka kwashe bencina, aka kafa kujera mai kwanciya a gaban allo, janareta na ta ruri a bayan taga. Likitar wata doguwar mace ce mai gilashi, Dakta Bahijja, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta ce wa Iya, "Faddali, Hajje," wato bismilla ta zauna. Iya ta tsaya ta yi mata bayanin Malam Dawuda da jakinsa. Likita ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, sannan ta haska bakin Fiddausi.

Ta daɗe tana dubawa. Da ta ɗago sai ta yi ta magana tana kwatance da yatsu, sannan ta buɗe wani ɗan akwati mai ɗaki-ɗaki ta ɗauko wani abu da hantsaki ta ɗaga shi sama. Ɗan kwanso ne na ƙarfe mai siffar haƙori, bai fi ƙwayar masara ba, yana ƙyalli fari fat. Na ga Iya ta miƙe zumbur a kan kujera, fuskarta ta canza.

"Iya, me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce ba komai. A koma gida a ci gaba da kanumfari."

Larabcina na kasuwa ne, gaskiya, amma kanumfari a kasuwa ake sayensa, na san sunansa sarai, kuma ban ji shi a bakin matar nan ba. Abin da na ji shi ne "tagiye", ta faɗa har sau uku. Mu ma a Azare tagiya hula ce.

"Iya, ki gafarce ni, ni na ji kamar ta ce za a sa wa haƙorin hula."

"To tunda kin iya Larabcin me ya sa kika taso ni?"

Wata mata da ke jiran a gama da ɗanta a kujerar gefe, Bahausa ce, ta kasa haƙuri ta sa baki. Ta ce likita ta ce haƙorin bai mutu ba. Ba yanzu zai faɗi ba, sai yarinya ta kai goma ko sha ɗaya, kuma shi ke tsare wa na girma gurbinsa, don haka cire shi asara ce. Za ta kwashe ruɓar, ta sa magani, ta kifa masa wannan hular, shi ke nan yarinya ta ci abin da ta ga dama. Sai dai mai yarinya ta dangwala yatsa a takarda.

Na juya da murna na kalli Iya. Ta naɗe hannuwanta cikin lafaya kamar za a ƙwace mata yatsun.

"Haƙorin Makka ne," in ji ta.

"Na'am?"

"Ke makauniya ce? Haƙorin Makka ne wannan! Jikata ba za ta sa haƙorin Makka a Mursal ba."

Kowa ya san haƙorin Makka, wanda alhazai ke sawa a can su dawo da shi, in sun yi murmushi ka san sun sauke farali ba sai sun faɗa ba. Amma wallahi ko da wasa hankalina bai kai can ba sai da ta faɗa. Na sake kallon ɗan ƙarfen nan, kuma abin haushi, kama kam ya yi.

Aka fassara wa likita. Ta cire gilashi ta goge ido, kafaɗunta na rawa, na gane dariya take dannewa. Sannan ta nuna mana cikin akwatin: ɗakin da ke da daidai haƙorin Fiddausi saura guda biyu. Ta ce mu fita mu yi shawara za ta ci gaba da layi, amma in yaran baya suka buƙace su ba za ta hana su ba. In sun ƙare kuwa sai dai cirewa ko haƙuri.

Muka zauna a gindin wata bishiyar darbejiya, Fiddausi a tsakaninmu. Ban taɓa ɗaga wa Iya murya ba, kuma ranar ma ban ɗaga ba, amma na yi ta magana ta cikin haƙora.

"Iya, ƙarfe ne fa, ba zinare ba."

"Na azurfa ma ana sawa. Na Hajiya Mero maƙwabciyarmu na farko ai fari ne."

"Magani ne, ba ado ba."

"In ta buɗe baki wa zai tsaya tambaya? Cewa za a yi zuri'ar Malam Dawuda sun gaji da hanya sun saya a lekkol." Haka suke kiran makaranta a nan. "Shekara sittin da bakwai ina hana mutane su kira ni da sunan da ban kai ba, yau a cusa wa jikata ƙarya a baki, ta ci da ita ta yi salla da ita?"

"Na can ƙurya ne, Iya. Na baya. Ba mai gani."

"Allah fa?"

Na gwada wayar mai gidana, muryar matar nan ta kamfanin waya ta amsa min da Faransancin da ko ban ji ba na san nufinsa ba ya kusa. Na ji an kira talatin da biyu. Na ji an kira talatin da uku, wata yarinya mai kitson zane ta shiga, bayan ɗan lokaci ta fito uwarta na buɗe mata baki tana nuna wa mutane, abu na ƙyalli a ciki. Saura ɗaya ke nan, in irin na Fiddausi ne. Na yi tunanin in shiga in dangwala nawa yatsan, amma sunan Iya ne a takardar, kuma ko da nawa ne, da wane ido zan koma gidan ɗanta bayan na tsallake maganarta a bainar jama'a?

Iya kuwa ta ɗaga leɓe ta ƙwanƙwasa haƙorinta na gaba da farce. "Kin ga wannan? Tun ina budurwa nake tattalinsa. Ko rake ban yarda in ɓare da shi ba. Shi na ajiye wa Makka." Ta faɗa da ƙarfi, amma muryarta ta ɗan karye a ƙarshe. Duk haushin da nake ji sai da ta ba ni tausayi.

Wata tsohuwa Balarabiya da ke zaune kusa da mu ta kwance bakin gyalenta ta miƙa wa Fiddausi dabino guda biyu, irin busasshen nan na arewa mai taurin tsiya. Fiddausi ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Ta jujjuya ɗaya, ta shinshina, ta lasa. Sannan ta miƙa wa Iya.

"Kaka, tauna min."

Iya ta yi kamar ba ta ji ba.

"Kaka, tauna min kamar naman jiya."

Na kalli Iya. Ta kau da kai tana kallon katanga. Ashe duk ranar da aka sami ɗan nama a miya, matar nan da ke cewa haƙorin ƙuruciya ne zai faɗi da kansa, ɗakinta take jan yarinyar ta tauna mata ta ba ta a baki kamar 'yar yaye. Ni uwar ban sani ba.

Ta karɓi dabinon ta jefa a baki. Ta daɗe tana fama da shi, don nata haƙoran na tauna ma sun yi kwana biyu. Fiddausi ta tsaya a gabanta ta ɗaga kai, baki a ɗan buɗe, tana jira. Na ga idon Iya ya ciko. Ta ciro dabinon ta sa mata a baki, ta goge yatsunta a lafayar bikin.

Aka kira talatin da biyar.

"Safiya," in ji ta, "na ce na gaba ne ko na baya?"

"Na baya ne, Iya."

"Can ƙurya?"

"Can ƙurya."

"Kuma ba zama zai yi ba, in ta kai goma zai tafi?"

"Haka likita ta ce."

Ta gyaɗa kai a hankali kamar malamin da ya gano fatawa a ƙasan shafi. "To ai shi ke nan. Wanda ya isa Makka a gaba ake sa masa, don ya riga kowa. Mu da muke baya a hanya, na baya ne namu. Na matafiyi ne, na wucin gadi. Ina ƙaryar take a nan?" Ta juyo ta harare ni. "Ke kuma kina zaune tun ɗazu ba ki iya yi wa mutum bayani ba."

Ni da na faɗi wannan maganar da bakina ɗazun nan aka haɗa ni da Allah! Na suri Fiddausi, Iya ta tattare lafaya, muka kwasa da gudu. Ban taɓa sanin tsohuwar nan na da gudu ba. Takalminta ɗaya ya cire ta bar shi a nan, ta ratsa layi tana ture mutane tana faɗin su ba matafiya hanya, ta faɗa ajin nan yatsa a sama tun daga ƙofa.

Dakta Bahijja ta ɗago ta kalle mu, ta kalli akwatin, ta sa hantsaki ta ɗaga ɗan ƙarfen. Yana nan, shi kaɗai. Iya ta danna yatsa a tawada ta dangwala da ƙarfin da sai da takardar ta huje.

Aikin bai yi daɗi ba, kar in yi muku ƙarya. Da aka zo allura Fiddausi ta yi ƙarar da ta sa yaron kan bishiya ya ƙara hawa reshe ɗaya. Iya ce ta riƙe mata hannuwa tana karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa, ni kuma na riƙe ƙafafu na rufe ido. Can sai kuka ya tsaya. Injin ya yi ta zuwwa, aka kwashe, aka cike, aka kifa hula, likita ta ce ta cije. Da aka zaunar da ita ta taɓa leɓenta ta zaro ido.

"Mama, bakina ya tafi."

"Zai dawo," na ce, ina dariya ina share hawaye.

Likita ta ba ta ɗan buroshi ja da man goge baki, ta ce kar ta tauna komai sai bakin ya dawo. Sannan ta tsuke fuska ta yi wata tambaya. Wannan kam Iya ta fassara ta tsaf, a hankali, yadda duk ajin zai ji: "Ta ce wace ce ke ɗura wa yarinyar nan sukari haka?" Ta kuma amsa da kanta da Larabci, tana nuna ni, har da kwatanta faɗin farantin tallata da hannu biyu. Na sunkuyar da kai na sha faɗa cikin yaren da rabinsa kawai nake ji, kuma na san na ci.

A motar komawa matar da ta rantse jikarta ba za ta sa ƙarya a baki ba, ita ce ta sa yarinyar nan buɗe baki sau bakwai. Ta nuna wa kwandasta, ta nuna wa wani soja, ta sa direba ya leƙa ta madubi. Kowa ta yi masa bayanin bambancin na gaba da na baya. Da takalmi ɗaya ta sauka a Lamaji, kuma ba ta lura ba sai da ta taka ƙaya.

Kafin La'asar labari ya gama layinmu. Mata suka yi ta sallama suna cewa sun zo yi wa Hajiyar Mursal barka da sauka. Wata har da kawo ruwa a buta wai a sa mata albarka. Na zaci Iya za ta hau sama, sai na ga ta shimfiɗa tabarmar baƙi ta zaunar da Fiddausi a tsakiya. Hajiya Mero ta zo da nata na zinare, na gasken, ta durƙusa ta leƙa, ta ce ai wannan ko almajirin nata bai kai ba.

"Naki na dariya ne, Hajiya," in ji Iya. "Namu na aiki ne."

Aka kwashe da shewa, har ita Hajiya Meron.

Yaran layi kuwa kowa ya dafe kunci, wai shi ma haƙori na ciwo, a kai shi Makka. Iyaye suka biye musu don wasa, suka jera su a jikin katanga, aka kunna fitilar waya ana leƙa baki ɗaya bayan ɗaya ana dariya. Dariyar ba ta kai ƙarshen layi ba. Wannan rami, wannan biyu, wannan dasashi ya kumbura yana fitar da ruwa, kuma uwarsa ba ta taɓa leƙawa ba sai ranar. Cikin yara goma sha ɗaya, huɗu ne kawai bakinsu lafiya. Suka juyo suna tambayata yaushe likitocin za su dawo, ina kuma za a same su. Na ce ban sani ba, don ban sani ba ɗin. Rabin yaran nan a farantina suke kashe kuɗin tararsu, kuma ba wadda ta faɗa, sai dai na ji shi a jikina.

Ni kuma wata damuwar ce ta taso min. Bakin Fiddausi ya dawo tun yammacin Asabar, amma ta ƙi tauna. Lahadi na yi mata shinkafa mai laushi, ta ture ta ce kunu. Litinin na ba ta ayaba, ta matse ta da harshe a dama ta haɗiye. In na tambaye ta ko yana ciwo ta ce a'a, in na ce to tauna, sai ta rufe baki da hannu biyu ido ya kawo ruwa. Wata uku tana jin azaba duk lokacin da haƙori ya haɗu da haƙori, ta daina yarda da bakinta. Iya ta lallaɓa, ta yi barazana, ta yi alkawarin kai ta Makka ta gaske, duk a banza. Na fara tunanin ko mun sha gudun nan ne don ƙyalli kawai.

Ranar Talata da azahar na dawo daga talla, ina wanke faranti a bakin rijiya, Iya na tsintar wake a inuwa. Sai muka ji wani sauti daga bayan madafa. Ƙurus. Ƙurus. Ƙurus.

"Akuyar Mero ce ta sake shigowa," in ji Iya. Ta ɗauki muciya, ni na ɗauki tsintsiya, muka zagaya a hankali don mu ritsa ta.

Fiddausi ce. Ta zauna dirshan a ƙasa ta rungume tukunyar shinkafar rana tsakanin ƙafafunta, tana kankaro ƙanzo da cokali tana turawa a baki. Kuncinta na hagu ya cika tam, yana motsi. Ba ta ma san muna tsaye ba.

A gidan Iya ba a cin abinci a tukunya. Ta sha korar 'yan mata da muciya a kan haka, wai duk wadda ta ci, ruwan sama zai tarwatsa taron bikinta. Na ɗaga ƙafa zan je in karɓe tukunyar tun kafin a jawo min magana, sai na ji ta damƙe min hannu.

"Bar ta," ta ce ƙasa-ƙasa. "In an yi ruwan ma tara a randa."

Ta jingine muciyar a bango, ta zauna a kan turmi, ta ja ni na zauna a ƙasa kusa da ita. Muka zauna muna sauraro har ta cinye tukunyar tas.